Yadda shugaban makaranta a Legas zai riƙe sabon malami ya wuce shekarar farko

Duk wanda ya taɓa shugabantar ƙaramar makaranta a Agege, ko Idi-Araba, ko Mile 12, ko Alaba Rago, ya san safiyar da ba a son zuwanta, wato safiyar komawa karatu bayan hutun Babbar Sallah, lokacin da yara suka cika aji suna ta surutu, kujerar malami kuwa wayam, wayarsa a kashe, sai bayan kwana uku saƙo ya iso cewa ya tsaya gida ke nan. An yi wannan bayani ne domin masu makarantu da shugabanninsu da 'yan kwamitin iyaye, musamman a makarantun unguwannin Hausawa da ke haɗa boko da Islamiyya, kuma ya shafi abin da ya kamata a yi tun kafin sabon malami ya iso har zuwa ƙarshen shekararsa ta farko.

Matsalar ba a kanmu aka fara ta ba. Rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a 2024 kan malamai ya nuna cewa duniya na buƙatar ƙarin malaman firamare da sakandare miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga cikinsu a ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, kuma yawan malaman firamare da ke barin aiki a shekara ya tashi daga kimanin kashi 4.6 cikin 100 a 2015 zuwa sama da kashi 9 a 2022. A Amurka, binciken Farfesa Richard Ingersoll ya gano cewa kusan kashi 44 cikin 100 na sababbin malamai kan bar aikin cikin shekara biyar na farko, sannan waɗanda aka haɗa da gogaggen malami mai koyar da darasi irin nasu, aka kuma ba su lokacin shirya darasi tare da abokan aiki, sun fi zama. Abin lura a nan shi ne cewa tafiyar malami ta fi yawa a farkon aiki, lokacin da bai yi saiwa ba, don haka a wannan lokacin ne ya kamata makaranta ta zuba ƙarfinta.

Mataki na farko shi ne faɗin gaskiya a ranar tattaunawa, sannan a rubuta abin da aka faɗa. A watan Oktoba na 2024 Gwamnatin Jihar Legas ta sanar da naira 85,000 a matsayin mafi ƙarancin albashin ma'aikatanta, bayan da tarayya ta tsayar da naira 70,000 a watan Yuli na shekarar. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wuraren aiki masu ƙasa da ma'aikata 25 ba, kuma yawancin ƙananan makarantunmu a nan suka faɗa, amma matashin da ke zaune a gabanka ba da doka yake auna albashinka ba. Yana auna shi ne da abin da abokinsa ke samu a rumfar POS, ko a shagon kawunsa a kasuwar Mile 12. Idan makaranta ba za ta iya kai wancan adadi ba, a faɗa masa ƙarara, a kuma faɗa masa abin da za ta iya yi a madadinsa. Takardar ɗauka aiki ta ƙunshi adadin albashi, da ranar biya, da yawan darussan da zai ɗauka a mako, da sa'ar tashi, da kuma amsar tambayar da sababbin malamai ke jin nauyin yi, wato ko ana biyan albashi a dogon hutun watan Agusta. Makarantu da yawa ba sa biya, kuma malami kan gano haka ne a ƙarshen Yuli, ya tafi neman abin da zai ci, Satumba ta zo ta same shi ya riga ya kama wata sana'a. Dokar Ƙwadago ta tanadi a bai wa ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da fara aiki, amma babu dalilin jira har wata uku. A miƙa masa ita kafin ya taka aji.

Mataki na biyu, wanda na fi so a daɗe a kansa domin shi aka fi mantawa, shi ne masauki da hanya. A Kano ko Zariya sabon malami yakan fito daga gidan iyayensa ya hau keke ko babur ya iso cikin minti goma sha biyar. A Legas kuwa mai gida yana neman kuɗin hayar shekara guda dunƙule, ga la'adar dillali, ga kuɗin rubuta yarjejeniya, duk kafin albashin farko ya shiga hannu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, sannan haramcin acaba da aka yi a 2020, aka faɗaɗa a 2022 har ya haɗa da Mushin da Oshodi-Isolo da Kosofe, ya rufe wata hanyar da ake kauce wa cunkoso da ita.

Na koyi wannan darasi ne da kunya. Wata shekara mun ɗauki wani matashi mai takardar NCE da ya zo daga arewa, mai natsuwa, mai kyan rubutu a allo, amma cikin mako na biyar sai na lura yana makara, kuma sau biyu na leƙa ajinsa bayan azahar na tarar ya dogara da bango idanunsa na rufewa. Na kira shi ofis na yi masa faɗa sosai a kan riƙon amana. Ya saurara kansa a sunkuye, da na gama ya ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ne, na yi kuskure." Bai ƙara komai ba. Sai bayan kwana biyu mai gadinmu ya ja ni gefe ya ce, "Malam, yaron nan fa a shagon 'yan'uwansa yake kwana a Mile 12, ba ya samun shimfiɗa tabarma sai an gama sauke kaya wajen ƙarfe ɗaya na dare, kuma kafin kiran asalatu ya fito neman mota." Da muka zauna da shi muka lissafa kuɗin danfo zuwa da dawowa na wata guda, sai ga shi ya kusa cinye rabin albashinsa. Ɗakin da muka samar masa a bayan gidan wani ɗan kwamiti, tafiyar minti goma a ƙafa, shi ya warware abin da faɗana bai warware ba.

Saboda haka a rana ta farko a tambayi sabon malami inda yake kwana, da mota nawa yake hawa, da nawa yake kashewa, a ɗauki biro a lissafa tare da shi. Idan makarantar tana kusa da layin jirgin ƙasa na Red Line, wanda ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoba na 2024 daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba, a nuna masa yadda ake sayen katin Cowry da yadda ake zuba masa kuɗi, domin katin yana aiki a motocin BRT ma. Abin da ya fi duka shi ne a nema masa ɗaki a cikin unguwa. Da ɗan gari akan ci gari, kuma liman ko wani dattijon unguwa zai iya samo ɗaki da lamuni a wurin da baƙo ba zai samu ko sallama ba. Makarantar da ke da hali ta biya hayar shekarar, ta riƙa cirewa kaɗan-kaɗan daga albashi a cikin wata goma ko goma sha biyu, a rubuce, da shaidu. Idan malama ce, a tabbata masaukin yana cikin gidan mutane masu mutunci, domin iyayenta ko mijinta ba za su bar ta ta zauna a wurin da hankalinsu bai kwanta ba.

Daga nan sai makon farko. Kuskuren da aka saba yi shi ne a miƙa wa sabon malami alli da rajista da safiyar Litinin, a nuna masa ƙofar aji da yatsa. Ya fi dacewa a bar shi kwana biyu ko uku yana zama a bayan ajin malamai biyu da suka ƙware, yana kallon yadda suke buɗe darasi da yadda suke kwantar da hayaniya. A cikin waɗannan kwanaki a ba shi manhaja da littattafan da zai yi aiki da su da samfurin tsarin darasi da wani ya riga ya rubuta, a nuna masa yadda ake cika rajista da takardar maki, da wurin alwala, da wanda ake samu idan yaro ya kamu da zazzaɓi. A gabatar da shi ga ɗalibai a taron safe da cikakken girmamawa, a kira shi Malam wane ko Malama wance, ko da shekarunsa ashirin da biyu ne.

Akwai kuma batun harshe, wanda kan ba malamin da ya zo daga arewa mamaki. Yaran Hausawa da aka haifa a Legas suna cakuɗa Hausa da Yarabanci da Turancin buroka a jimla guda, kuma a aji ɗaya za a iya samun ɗan Bayarabe da ɗan Bafulatani da ɗan Babarbare. Dokar da jihar ta yi a 2018 ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantu, na gwamnati da masu zaman kansu. Kada a bar sabon malami ya ɗauki Hausar yaran a matsayin rashin tarbiyya, kuma a koya masa gaisuwar Yarabanci ta safe da ta yamma, domin uwar da aka gaishe ta da harshenta a bakin ƙofa ba ta cika shigowa da faɗa ba.

Rabon aiki shi ne wurin da adalcin shugaba ke fitowa fili. A makarantu da yawa tsofaffin malamai ne ke fara zaɓar azuzuwa masu sauƙi, a bar wa baƙo ajin da ya gagari kowa, a ƙara masa da kula da layin safe da wasanni da tattara kuɗin jarrabawa, wai don shi ne yaro. A Ingila, tsarin da aka fara a 2021 ya rage wa sabon malami kashi 10 cikin 100 na darussansa a shekarar farko, da kashi 5 a ta biyu, domin ya sami lokacin koyo. Mu ma za mu iya kwatanta hakan ba tare da kashe ko kwabo ba, ta hanyar rage masa darasi biyu ko uku a mako. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. Idan akwai ajin da ya haura haka nesa, a bai wa wanda ya daɗe. Kada a ba sabon malami aji ɗaya na firamare, inda ake kafa tubalin karatu, ko aji uku na ƙaramar sakandare da ke fuskantar jarrabawar fita, sai in babu makawa. Haka kuma kada a haɗa masa boko da safe da Islamiyya da yamma a kan albashi guda da sunan aikin lada, domin wanda ya tsaya a gaban allo daga ƙarfe takwas zuwa ƙarfe shida ba shi da sauran ƙarfin duba littattafan yara da dare.

Sai kuma zaɓen jagora, wato gogaggen malamin da zai riƙe hannun sabon har shekara ta zagayo. Bai kamata shugaban makaranta ya naɗa kansa ba, saboda babu mai bayyana rauninsa ga wanda ke sa hannu a takardar albashinsa. A zaɓi mai koyar da darasi iri ɗaya ko aji makusanci, mai haƙuri, wanda ba ya kai gulma ofis; ba lallai ne ya zama wanda ya fi kowa daɗewa ba, domin wani tsohon malamin babu abin da zai gadar wa sabo sai gunaguni. Malama a haɗa ta da malama. A sanya ganawarsu a cikin jadawali, minti talatin ko arba'in kowane mako a rana tsayayya, domin ganawar da aka bari sai an sami lokaci ba ta yiwuwa. A kuma saka wa jagoran da wani ɗan alawus ko ragin darasi, don kada ya ɗauki abin a matsayin ƙarin wahala.

Yadda jagora zai yi gyara yana da muhimmanci ƙwarai. Sau ɗaya a mako biyu ya shiga ajin ya zauna a baya shiru, ba ya katse darasi, ba ya gyara kuskure a gaban yara, ko da kuwa an rubuta kalma ba daidai ba a allo. Bayan an tashi su keɓe, ya fara da abin da ya yi kyau, ya ambace shi takamaimai, sannan ya ɗauko abu guda ɗaya tak da za a gyara. Na taɓa jin wata jagora tana ce wa sabuwar malama, "Ƙanwata, bayaninki ya fita sarai, sai dai na ƙirga, duk tambayoyinki bakwai 'yan layin gaba kika yi wa. Gobe ki rubuta sunan yara uku na layin baya a tafin hannunki, ki fara da su." Irin wannan gyara ana iya aiki da shi washegari. Wanda aka lissafa masa kurakurai goma sha biyu a zama ɗaya kuwa babu abin da zai riƙe sai cewa bai iya ba.

Riƙon aji shi ne abin da ya fi karya zuciyar sabon malami, kuma a nan akwai wani giɓi da ya kamata a cike. Gwamnatin Jihar Legas ta haramta dukan yara a makarantu, alhali da yawa daga cikin matasan da muke ɗauka sun tashi ne a wuraren da bulala ke rataye kusa da allo. Idan aka ce masa kada ya yi duka aka tsaya nan, an karɓe abin da ya sani ba a ba shi komai ba. A koya masa kafa ƙa'idoji uku ko huɗu tun ranar farko, da tsayawa kusa da mai surutu ba tare da ɗaga murya ba, da sauya wa yaro wurin zama, da rubuta laifi a littafi, da sanin matakin da za a kai magana ofis ko a kira uba. Ya kuma tabbata cewa idan ya turo yaro ofis ba za a mayar masa da shi cikin minti biyu yana murmushi ba.

Haka batun iyaye. A makarantar kuɗi wani uban yana ganin tunda ya biya, malami yaronsa ne, sai ya shigo har ƙofar aji yana ɗaga murya. Aikin shugaba ne ya tare shi da fara'a ya ce, "Alhaji, bismillah, mu shiga ofis a yi magana," ya saurare shi, sannan ya ji ta bakin malamin a keɓe. Ko malamin ne da laifi, a gyara masa bayan an rufe ƙofa. Malamin da aka ci wa mutunci a gaban ɗalibansa don a faranta wa mai biyan kuɗi yakan fara neman wani aiki a daren ranar. A kuma hana iyaye kiran sabon malami a waya da tsakar dare ko tsangwamarsa a zauren WhatsApp. Ƙorafi ya bi ta ofis.

Game da albashi, cika ranar biya ya fi ƙarin da ba ya zuwa a kan lokaci. Alkawari kaya ne, kuma mai gida da mai shago ba sa jiran iyaye su gama biyan kuɗin makaranta. Idan aka hango jinkiri, a sanar da malamai mako guda kafin ranar, a faɗi sabuwar rana, kuma idan kuɗin bai isa kowa ba a fara da masu ƙaramin albashi, shugaba ya zama na ƙarshe. A shigar da sabon malami adashen ma'aikata, a ba shi ɗauka ta kusa. Makarantar da ma'aikatanta suka kai 15 ta tuna cewa Dokar Fansho ta 2014 ta hau kanta, inda mai makaranta ke zuba kashi 10 cikin 100 na albashi, ma'aikaci kuma kashi 8. Malamar da ta sami juna biyu a tsara mata hutun haihuwa tun da wuri, mako goma sha biyu kamar yadda Dokar Ƙwadago ta tanada, tare da tabbacin cewa ajinta na jiranta.

Tafiyar Sallah kuwa ba a hana ta, tsara ta ake yi. Tsakanin Legas da Kano akwai kimanin kilomita 1,000, kuma hutun kwana biyu da gwamnati ke bayarwa bai isa zuwa da dawowa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun wata guda kafin Sallah a zauna a raba: wasu su tafi Ƙaramar Sallah, wasu Babba, a ƙara wa mai tafiya kwana uku ko huɗu, a san wanda zai riƙe ajinsa. Idan makaranta za ta taimaka da kuɗin mota, ta ba da rabi kafin tafiya, rabi bayan dawowa.

Matashi mai hazaƙa yana son ya hango inda aikin zai kai shi. Takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya, kuma hukumar TRCN, wadda aka kafa da dokar 1993, ita ke yi wa malamai rajista bayan jarrabawar cancanta. Wanda bai yi rajista ba a taimaka masa da kuɗin jarrabawar. Mai digiri a wani fanni a ƙarfafa masa ya yi difilomar koyarwa, ko ta Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976 kuma take karantarwa daga nesa, ko a wata makarantar horar da malamai da ke nan Legas. Wasu masu makarantu na tsoron cewa idan suka horar da malami zai gudu zuwa inda aka fi biya. Hakan na faruwa, amma ana rage shi da rubutacciyar yarjejeniya cewa wanda aka biya wa karatu zai yi shekara biyu kafin ya tafi, ko ya mayar da wani kaso. Yana da kyau kuma a riƙa duba 'ya'yan unguwa da aka haifa a Legas, a tura su Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Akoka ko Jami'ar Ilimi ta Jihar Legas, domin su ba su da matsalar masauki, kuma Sallarsu a nan take. Masu yi wa ƙasa hidima kuwa shekara ɗaya ce tasu, saboda haka a ɗauke su a matsayin ƙari, kada a jingina musu darasin lissafi ko Turanci na makaranta gaba ɗaya.

A tsakiyar zango na uku, wajen watan Mayu ko Yuni, shugaba ya zauna da sabon malami ya tambaye shi kai tsaye ko yana da niyyar dawowa a Satumba, da abin da zai sa ya dawo. A lokacin akwai sauran damar sauya masa aji, ko gyara masauki, ko yin ɗan ƙari. Idan ya ce tafiya zai yi, a rabu lafiya, a biya shi haƙƙinsa cif, a rubuta masa takardar shaida mai kyau, a kuma roƙe shi ya faɗi dalilinsa ga jagoransa, wanda zai fi jin gaskiya a bakinsa. A buɗe littafi guda a ofis da ake rubuta ranar da kowane malami ya fara, da ranar da ya bari, da dalilin da ya bayar, domin bayan shekara biyu ko uku shafukan za su nuna ko hanya ce ke korar mutane, ko albashin Agusta, ko wani aji guda. Kafin ya miƙa makulli, a ba shi mako ɗaya ya rubuta inda ya tsaya a manhaja, da sunayen yaran da ke buƙatar kulawa ta musamman, a ajiye takardar a cikin rajistar ajin domin wanda zai gaje shi ya same ta a ranarsa ta farko.